Wa Ya Biya Kuɗin Dariyar? Waiwaye a kan The Killing Joke

A watan Maris na 1988 kamfanin DC Comics na Amurka ya fitar da wani siririn littafin labarin zane da bai cika shafi hamsin ba, mai suna Batman: The Killing Joke. Alan Moore ne ya rubuta shi, Brian Bolland ya zana, John Higgins ya sa launi, dukkansu 'yan Ingila. A shekara ta gaba littafin ya lashe kyaututtuka uku na Eisner, wadda ita ce lambar girma mafi daraja a wannan fage: gwarzon littafi, gwarzon marubuci da gwarzon mai zane. Har yau ba a daina sake buga shi ba, kuma har yau gardamar da ya tayar ba ta kwanta ba. Abin mamakin shi ne, a sahun gaba na masu kushe shi akwai marubucinsa da kansa.

Ra'ayina shi ne kyawun littafin da aibinsa daga saiwa ɗaya suka tsiro. Ya ɗauki tambaya mai nauyi, wato me masifa ke yi wa ɗan Adam, ya yi mata kallon tsanaki a rayuwar maza uku. Amma macen da masifar ta fi faɗa wa a cikin labarin, ba a tambaye ta komai ba. Domin a gane yadda hakan ta faru, sai an koma baya kaɗan.

Yadda duhu ya tafi, yadda ya dawo

Batman ya fara fitowa a 1939, aikin Bob Kane da Bill Finger, a matsayin attajirin da aka kashe iyayensa a gabansa yana yaro, ya tashi yana farautar masu laifi cikin dare. Abokin gabarsa Joker ya bayyana a 1940, kuma tun fitowarsa ta farko makashi ne mai barin gawarwaki da murmushi a daskare a fuska. Ke nan duhu yana cikin labarin tun asali.

A 1954 lamarin ya juya. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafin Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa littattafan zane alhakin lalacewar tarbiyyar yara. A shekarar ce wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraron bahasi a kan batun. Kamfanonin suka ga idan ba su daure kansu ba gwamnati za ta daure su, sai suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. Dokokinta sun ce dole gaskiya ta yi nasara a kowane labari, dole mai laifi ya sha hukunci, ba a nuna 'yan sanda ko alƙalai cikin wulaƙanci, ba a zana jini da azabtarwa. Littafin da babu hatiminta, yawancin masu sayarwa ba sa karɓarsa. A ƙarƙashin wannan takunkumi Joker ya koma ɗan tsokana mai sata da dabarun wasan yara, kuma shirin talabijin na Batman da aka fara a 1966, wanda Adam West ya fito a ciki, ya ƙara mayar da labarin abin raha.

A wannan zamani na raha aka haifi Barbara Gordon. Ta fara fitowa a mujallar Detective Comics mai lamba 359 a farkon 1967, 'yar kwamishinan 'yan sandan birnin Gotham, James Gordon, ma'aikaciyar ɗakin karatu da rana, Batgirl da dare. Babu wanda ya naɗa ta wannan aiki, ita ta ɗinka kayanta ta shiga fage. A shekarun 1970 har 'yar majalisar dokokin Amurka aka mayar da ita a cikin labaran. Yara mata da yawa ta dalilinta suka fara karanta littattafan.

Abubuwa biyu suka sassauta takunkumin. An yi wa dokokin hukumar kwaskwarima a 1971, kuma a 1973 Dennis O'Neil da Neal Adams suka dawo da Joker makashinsa na asali. Sannan kasuwa ta canja: shaguna na musamman masu sayar da littattafan zane kaɗai suka yawaita, masu sayensu kuwa manya ne, kuma waɗannan shaguna ba su damu da hatimi ba. A 1986 Frank Miller ya fitar da The Dark Knight Returns, labarin tsohon Batman mai zafin zuciya, Moore da Dave Gibbons kuma suka fara Watchmen, wanda ya tambayi wane irin mutum ne zai sa abin rufe fuska ya fita dukan mutane da sunan adalci. Jaridu suka fara cewa littattafan zane sun girma. The Killing Joke ya fito ne a tsakiyar wannan guguwa. A yadda Bolland ya ba da labari, shi aka bai wa zaɓin aikin da yake so, ya ce labarin Joker yake so, kuma Moore ya rubuta masa.

Abin da ke cikin littafin

Labarin ya buɗe da ruwan sama. Batman ya isa Arkham, gidan da ake tsare masu laifi masu taɓin hankali, ya zauna gaban Joker domin su yi magana. Ya zo ne ya faɗa masa cewa idan suka ci gaba a haka, ɗayansu zai kashe ɗaya, kuma yana son ya san ya taɓa gwada neman mafita ko sau ɗaya. Sai ya gane wanda ke zaune gabansa wani ne aka shafa wa farin kwalli. Joker ya riga ya tsere.

Joker ya mallaki wani tsohon filin wasanni da aka yi watsi da shi. Daga nan ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan kwamishina Gordon. Barbara ce ta buɗe, ya harbe ta a ciki, harsashin ya ratsa lakarta. Mutanensa suka tafi da mahaifinta, shi kuma ya tuɓe ta ya ɗauke ta hotuna tana kwance cikin jini. A filin wasannin aka tuɓe Gordon, aka ɗaure shi a jirgin da ke ratsa ɗakin ban tsoro, aka haska masa hotunan 'yarsa manya-manya a bango. Manufar Joker ita ce ya tabbatar da wata da'awa: cewa tsakanin mai hankali da mahaukaci babu komai sai masifar yini guda, kuma kowa aka matsa masa yadda ya kamata zai zama irinsa.

A tsakanin waɗannan shafuka littafin yana komawa baya. Muna ganin wani mutum marar suna da ya bar aikinsa a masana'antar sinadarai domin ya zama ɗan barkwanci, amma ba mai dariya idan ya hau dandamali. Matarsa Jeannie tana da tsohon ciki, kuɗin haya ya gagara. Ya yarda ya ratsa da wasu ɓarayi biyu ta tsohon wurin aikinsa. Ranar da za a yi aikin 'yan sanda suka sanar da shi cewa matarsa ta mutu a wani hatsarin lantarki a gida. Ɓarayin suka ƙi sakinsa, suka kifa masa jar hular ƙarfe. Aikin ya ɓaci, aka harbe ɓarayin, Batman ya bayyana, mutumin ya faɗa cikin dagwalon sinadarai ya fito da farar fata, koren gashi da dariyar da ba ta tsayawa. Ƙashin wannan labari na Bill Finger ne, daga wata fitowa ta 1951. Moore ya ƙara masa mata, talauci da baƙin ciki.

A ƙarshe Batman ya ceto Gordon, ya same shi a wulaƙance amma da hankalinsa, har yana nanata masa cewa a kama Joker bisa doka, domin a nuna masa cewa hanyar doka tana aiki. Batman ya kama Joker, ya yi masa tayin taimako da magani. Joker ya ƙi, yana ganin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sai ya ba shi wani labarin raha na mahaukata biyu da suka tsere ta kan rufi: na farko ya tsallake zuwa gini na gaba, ya ce zai haska tocila ɗan'uwansa ya tako a kan hasken, na biyu ya ƙi, wai tsoronsa kada a kashe tocilar yana tsakiyar hanya. Batman ya fashe da dariya tare da shi.

Inda ya yi zarra

Abu na farko da ba a musu a kansa shi ne zanen. Bolland, wanda ya yi suna da zanen Judge Dredd a mujallar 2000 AD ta Ingila, mai zane ne mai jinkiri da tsantseni, kuma a nan kowace fuska tana magana. Akwai lokutan da idon Joker ke nuna gajiya da kaɗaici yayin da bakinsa ke dariya, kuma mai karatu yana ganin duka biyun a zane ɗaya. Shafukan farko babu kalma ko ɗaya, akwatunan zane ne a jere masu girma ɗaya, suna tafiyar da mai karatu taku-taku cikin Arkham.

Na biyu shi ne ginin labarin. Duk inda za a tsallaka daga yau zuwa jiya, akwatin ƙarshe na wannan zamani da na farkon wancan suna kama da juna: hannu da aka miƙa a nan ya zama hannu da aka miƙa a can, ƙofa ta zama ƙofa. Ta haka mai karatu yake jin cewa jiya tana bin Joker duk inda ya sa ƙafa. Duk da haka Moore bai bar labarin asalin ya zama hujjar wanke shi ba, domin Joker da bakinsa ya ce yakan tuna abin da ya faru da shi ta fuskoki daban-daban. Wataƙila Jeannie ta wanzu, wataƙila ƙirƙirarta ya yi. Tausayin da ya kama ka a shafi na goma, sai ka fara zarginsa a shafi na arba'in.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, littafin ya bar mugu ya kawo hujjarsa da ƙarfinta, sannan ya karya ta da aiki. Maza uku ne suka gamu da mummunan yini: Bruce Wayne ranar da aka kashe iyayensa, ɗan barkwancin ranar da ya rasa matarsa, Gordon a daren filin wasanni. Ɗaya ya zama Batman, ɗaya ya zama Joker, ɗaya ya tashi yana maganar doka. Masifa iri ɗaya ba ta haifi mutum iri ɗaya ba, saboda haka akwai zaɓi a tsakani. Masu ɗaukar littafin a matsayin wa'azin yanke ƙauna sun tsaya ne a jawabin Joker, ba su ƙarasa zuwa amsar Gordon ba.

Shafin ƙarshe ma ya bar ƙofa a buɗe. Zanen yana sauka daga fuskokinsu zuwa ƙafafunsu, zuwa ruwan da ya kwanta a ƙasa, dariyar ta yanke, hasken da ke kan ruwan ya ɗauke. A 2013 marubuci Grant Morrison ya ce a fahimtarsa Batman ya kashe Joker ne a wannan shafi. Wasu suka ce kama shi kawai ya yi. Shafin ya ɗauki fassarar biyu.

Inda ya yi tuntuɓe

Yanzu a sake ƙirga waɗanda suka gamu da mummunan yini. Huɗu ne. Ta huɗun ita ce wadda aka harba, aka tuɓe, aka ɗauka hoto, likita ya ce ba za ta sake tafiya da ƙafafunta ba. Idan littafin yana son ya gwada da'awar Joker da gaske, Barbara ce babbar jarrabawa. Amma bayan harbin sau ɗaya aka sake nuna ta tana magana, a gadon asibiti, kuma maganar mahaifinta take yi. Daga nan labarin ya wuce ya bar ta. Macen da ta yi shekara ashirin da ɗaya tana gwabzawa da masu laifi ba ta ɗaga ko hannu ba. Joker ma bai zo dominta ba, bai san ita ce Batgirl ba. Jikinta wasiƙa ce da aka rubuta wa mahaifinta.

Ana iya cewa ai mugunta ce ake nunawa, kuma mugu ba ya tambayar wanda ya zalunta. Gaskiya ne, sai dai Joker ne mugun, littafin kuwa yana da 'yancin tsayawa a ɗakin asibitin. Adabi yana da hurumin nuna ta'asa, amma duk ta'asar da aka nuna bashi ce a kan marubuci, sai ya biya da ma'ana. A nan an ci bashin da jikin Barbara, ribar kuma ta tafi ga maza uku. Wannan ne ya sa dariyar ƙarshe take da ɗaci: Batman yana dafe da kafaɗar mutumin da ya nakasa abokiyar aikinsa sa'o'i kaɗan da suka wuce, suna ƙyaƙyatawa.

Yanayin kamfanin a lokacin ya taimaka. A 1988 ɗin aka fitar da wata fitowa ta musamman inda Barbara ta ajiye kayan Batgirl, alamar ba a da wani shiri a kanta. Moore ya faɗa a wata hira daga baya cewa da ya nemi izinin nakasa ta an ba shi nan take, da lafazi na cin mutunci, kuma yana ganin a nan ya kamata a ja masa linzami. Ya kuma ce littafin bai faɗi wani abu mai amfani game da mutane na gaske ba, domin Batman da Joker ba su yi kama da kowa ba, kuma ya ɗora wa jaruman yara nauyin da ba a gina su domin ɗauka ba. A nan ina ganin ya tsananta wa kansa, don tsayuwar Gordon magana ce game da mutane na gaske. Amma a batun Barbara hukuncinsa daidai ne.

Bolland shi ma yana da nasa ƙorafin. Launukan Higgins masu zafi ne, ruwan lemo da shunayya da kore, shi kuwa ya so shafukan jiya su fito a dushe. A bugun cika shekara ashirin na 2008 ya sake sa launin da hannunsa. Masu karatu sun rabu: wasu na ganin sabon ya fi natsuwa, wasu na ganin tsohon ne ya dace da zazzaɓin filin wasannin.

Waɗanda suka ɗinke ɓarakar

Amsar da littafin ya ƙi bayarwa, wasu ne suka rubuta ta. Kim Yale da mijinta John Ostrander ba su ji daɗin yadda aka yar da Barbara ba. A 1989, cikin mujallar Suicide Squad, suka shigo da wata murya mai suna Oracle da ke magana ta kwamfuta, mai iya kutsawa kowace ma'ajiyar bayanai. A 1990 aka bayyana cewa Barbara ce, a kan keken guragu. Ba su warkar da ita da wani siddabaru ba. Sun ɗauki ilminta na ɗakin karatu da kaifin ƙwaƙwalwarta suka mayar da su makami, a lokacin da intanet bai shiga gidajen mutane ba. A 1996 suka rubuta labarin shekararta ta farko bayan harbin da muryarta, da fushinta, har da fushin da take yi da Batman. Yale ta rasu a 1997. Oracle ta ci gaba ta zama jagorar ƙungiyar Birds of Prey, kuma ɗaya daga cikin jarumai masu nakasa ƙalilan da ke da matsayi na gaba a wannan adabi.

A 1999 Gail Simone, wadda a lokacin mai karatu ce kawai, ta tattara jerin sunayen matan littattafan zane da aka kashe, aka nakasa ko aka ci zarafinsu domin a zaburar da jarumi namiji. Ta sa wa jerin suna daga wani labarin Green Lantern na 1994, inda jarumin ya dawo gida ya tarar da gawar budurwarsa a cikin firji. Barbara tana cikin jerin. Kwatanci ɗaya ya isa ya nuna abin da ake nufi: a 1993 mugu Bane ya karya bayan Batman, kafin ƙarshen 1994 ya miƙe ya koma aiki. Barbara ta yi shekara ashirin da uku a keke.

Da kamfanin ya sake fasalin labaransa a 2011 ya tashe ta ta koma Batgirl, sai wata gardamar ta ɓarke ta ɗaya ɓangaren. Masu karatu masu nakasa suka ce an ƙwace musu jarumar da ta yi kama da su. Simone, wadda zuwa lokacin ta zama marubuciya a kamfanin, ita aka bai wa sabon labarin, kuma ta bar tabon harbin a zuciyar Barbara. A 2015 aka janye wani bangon mujallar Batgirl da ke tuna daren harbin, bisa roƙon mai zanen, Rafael Albuquerque, bayan koke-koken masu karatu. A 2016 aka mayar da littafin fim ɗin zane, aka ƙara masa gabatarwa domin a bai wa Barbara fili, amma aka cika filin da soyayya da saduwa tsakaninta da Batman. Garin neman gira aka rasa ido.

Gadon da aka ci

Kafin 1988 ta ƙare kamfanin ya bai wa masu karatu lambobin waya biyu su zaɓi ko Robin na biyu, Jason Todd, ya rayu ko ya mutu a hannun Joker. Masu son mutuwarsa suka yi rinjaye da ƙuri'a 5,343 a kan 5,271. Shekarun 1990 suka cika da jarumai masu ɗaure fuska da manyan bindigogi. Masu kwaikwayo sun ga jini da tsiraici a aikin Moore da Miller, sun ɗauka su ne alamar girma, suka bar tsarin shafi da tambayar da ke ƙarƙashi, domin jini ya fi sauƙin kwafa. Moore da kansa ya juya baya, a 1999 ya ƙirƙiri Tom Strong, jarumi mai haske irin na da.

Fina-finai ma sun ɗebi rabonsu. A The Dark Knight na 2008 Joker yana ba da labarai masu saɓa wa juna game da tabon fuskarsa, kuma yana ƙoƙarin nuna cewa mutanen kirki za su ci amanar juna idan aka matsa musu, sai fasinjojin jiragen ruwa biyu suka ƙi tarwatsa juna. Wannan amsar Gordon ce aka faɗaɗa. Fim ɗin Joker na 2019, wanda ya tara fiye da dala biliyan ɗaya, ya ɗauki ɗan barkwancin da ya gaza, amma bai ajiye wani Gordon da zai ƙaryata shi ba.

The Killing Joke ya cancanci a karanta shi, kuma ya cancanci sukar da ake yi masa. Mai son ya auna da'awar Joker da adalci kada ya tsaya a shafin ruwan sama. Ya nemi labaran da Yale da Ostrander suka rubuta, inda wadda ta fi kowa shan wahalar wannan dare ta koyi yaƙi da sanda daga kan kekenta, ta kunna kwamfuta, ta koma bakin aiki.